Zaɓen Babbar Manhajar Uwar Garke Domin Ajiye Shafin Intanet

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya a sami kwalejin ilimi ko babbar makarantar sakandare da ba ta da shafin intanet, ko kuma ba ta da niyyar buɗewa. Ta shafin ne ake neman gurbin karatu, a yi rajista, a biya kuɗin makaranta, a kuma duba sakamakon jarrabawa. Sau da yawa idan aka kafa kwamitin da zai kula da wannan aiki malamai ake sakawa a ciki, alhali ba lalle ne su kasance masana kwamfuta ba. Daga cikin tambayoyin farko da kamfanin da zai ajiye shafin zai yi wa kwamitin akwai cewa: Linux kuke so ko Windows? Wannan darasi zai bayyana abin da tambayar take nufi, da abubuwan da ya kamata a duba kafin a ba da amsa.

2.0 Uwar Garke da Babbar Manhaja

Kowane shafin intanet tarin rubutu ne da hotuna da bayanai da aka ajiye a cikin wata kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana. Ita ce ake kira uwar garke, wasu kuma su ce saba. Idan ɗalibi ya rubuta adireshin makarantarsa a wayarsa, wayar saƙo take aika wa uwar garke, ita kuma ta mayar da amsa da shafin da aka nema. Uwar garke ta farko da ta yi irin wannan aiki ita ce kwamfutar NeXT da Tim Berners-Lee ya yi amfani da ita a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba a shekarar 1990.

Babbar manhaja kuwa ita ce manhajar da take tafiyar da kwamfutar baki ɗaya. Matsayinta kamar na shugaban makaranta ne: ba ya koyar da kowane darasi da kansa, amma shi yake raba azuzuwa, ya tsara jadawali, ya kuma yanke wanda zai riƙe makullin ɗakin ajiya. Haka babbar manhaja take raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin aiki a cikin injin, ta kuma tantance wanda aka yarda ya buɗe wani fayil da wanda aka hana.

Akwai abin da ya kamata a fahimta tun da wuri, domin yana ruɗa mutane da yawa. Babbar manhajar da ke kan uwar garke ba ta da alaƙa da wadda ke kan kwamfutar ofis ko wayar mai karatu. Makarantar da duk kwamfutocinta Windows ne za ta iya ajiye shafinta a kan Linux, kuma mai ziyartar shafin ba zai ga wani bambanci ba.

3.0 Manyan Gidaje Biyu

Asalin Linux yana komawa ga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1969. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar wata babbar manhaja mai kama da Unix, ya sake ta ga duniya. Da aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983, sai aka sami cikakkiyar manhaja wadda lasisinta ya yarje wa kowa ya kwafa, ya karanta asalin rubutunta, ya kuma gyara. Wannan 'yanci ne ya sa Linux ta kasu zuwa zubi iri-iri. Akwai Debian da aka fara a 1993, wadda 'yan sa kai suke kula da ita. Akwai Ubuntu ta kamfanin Canonical, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Akwai kuma Red Hat Enterprise Linux, wadda ake biyan kuɗin tallafinta duk shekara.

Windows Server ta kamfanin Microsoft ce, kuma tushenta Windows NT ta 1993. Kamfanin ne kaɗai yake da ikon gyara ta, sai an sayi lasisi ake amfani da ita. Fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da aka saba gani a ofis, mai tagogi da linzami, saɓanin Linux ta uwar garke wadda galibi rubuta mata umarni ake yi a kan baƙin allo. Akwai wata ta uku, FreeBSD, wadda kamfanin Netflix yake amfani da ita wajen raba finafinai, sai dai ba kasafai ƙananan hukumomi da makarantu suke kai wa gare ta ba.

4.0 Manhajar da Shafin Zai Yi Aiki da Ita

Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma a mafi yawan lokuta shi kaɗai ya isa ya yanke hukunci. Babbar manhaja ba ita kaɗai take fito da shafi ba. A kanta ake ɗora manhajar da take amsa buƙatun masu ziyara, kamar Apache ta 1995, ko Nginx ta 2004, ko IIS ta Microsoft. Sannan harshen da aka rubuta shafin da shi. Sannan rumbun bayanai, inda ake adana sunaye da maki da lissafin kuɗi.

Idan shafin makaranta za a gina shi da WordPress, wadda ta fito a 2003, ko kuma ana son buɗe ajin intanet da Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, to duka biyun da harshen PHP aka rubuta su, kuma suna tafiya da rumbun MySQL ko MariaDB. Za su iya aiki a kan Windows, amma a kan Linux aka fi gwada su, kuma galibin littattafan jagora da amsoshin matsaloli da za a samu a intanet game da Linux suke magana. Idan kuwa ɗan kwangila ya rubuta manhajar rajista da tsohon tsarin .NET Framework, babu zaɓi, sai Windows Server. Ya kamata a lura cewa wannan shinge ya ragu: tun 2016 Microsoft ta fitar da sabon tsarin .NET mai aiki a kan Linux, kuma rumbunta SQL Server ya fara aiki a kan Linux daga 2017. Saboda haka idan aka ce wa kwamiti dole sai Windows, yana da kyau ya nemi a faɗa masa ainihin manhajar da ta wajabta hakan.

Wani ƙaramin bambanci da yake wahalar da masu koyo shi ne na babban baƙi da ƙaramin baƙi. A wajen Linux fayil mai suna Sakamako.pdf daban yake da sakamako.pdf, a wajen Windows kuwa abu ɗaya ne. Shi ya sa shafin da yake aiki lafiya a kwamfutar wanda ya gina shi kan wayi gari hotunansa sun ɓace da zarar an ɗora shi a kan Linux.

Ga malamin Hausa akwai ƙarin magana a nan. Idan aka buɗe shafi aka ga haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun koma alamar tambaya, mutane kan ɗora laifin a kan babbar manhaja, alhali Linux da Windows duk suna karɓar waɗannan haruffa. Matsalar takan fito ne daga tsarin adana haruffa da aka zaɓa wa shafin ko rumbun bayanansa. Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, rumbun yana zuwa ne da tsarin latin1, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai kuma babu haruffanmu a cikinsa. Maganin shi ne a tabbatar an sa tsarin UTF-8 tun kafin a fara shigar da bayanai, domin sunan Ɗanladi ko Bilƙisu da ya shiga rumbu a lalace ba ya gyaruwa da kansa, sai an bi an sake rubutawa.

5.0 Kuɗi da Wanda Zai Kula

Debian da Ubuntu kyauta ake sauke su. Windows Server kuwa tun daga fitowar 2016 ana lissafin lasisinta ne da yawan ƙwayoyin aiki da ke cikin ƙwaƙwalwar injin, kuma mafi ƙarancin abin da za a saya wa inji guda shi ne na ƙwaya 16. Kamfanonin ajiye shafi suna ɗora wannan kuɗi a kan mai haya. Da yake da dala ake ƙiyasta shi, faɗuwar naira tana shafarsa kai tsaye: dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024.

Sai dai araha ba ta ado. Makarantar da ta ɗauki Linux don kyauta ce, alhali ba ta da ma'aikaci ko ɗaya da ya iya rubuta mata umarni, za ta biya a hannun masu gyara abin da ta ƙi biya a lasisi. Nauyin kulawar ya danganta da irin hayar da aka kama. Haya mafi sauƙi ita ce wadda shafuka da yawa suke zaune a inji guda, kamar gidan haya mai ɗakuna. A nan kamfanin ne yake kula da babbar manhaja, mai haya allon sarrafawa kawai yake gani, irin su cPanel da ke aiki a kan Linux ko Plesk da ke aiki a kan duka biyun. Ga shafin da labarai da hotuna kawai zai ɗauka, wannan ya wadatar, kuma tambayar Linux ko Windows ba ta da wani nauyi. Amma da zarar an kama hayar sashe na musamman ko inji sukutum, makullin ya dawo hannun makaranta, tare da duk abin da ke biye da shi.

6.0 Tsaro da Wa'adin Tallafi

An daɗe ana gardama a kan wadda ta fi tsaro, kuma tarihi bai wanke kowa ba. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin manhajar OpenSSL, wadda dubban uwayen garke na Linux suka dogara da ita wajen ɓoye sirrin masu ziyara. A watan Mayun 2017 kuma cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin Windows a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Birtaniya. Abin lura game da WannaCry shi ne Microsoft ta riga ta fitar da facin da ke toshe ƙofar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sa facin ba, ko kuma suke amfani da tsohuwar manhajar da aka daina yi wa faci.

Wannan ya kawo mu ga abin da kwamitoci suka fi mantawa da shi, wato kowace fitowa ta babbar manhaja tana da ranar da za a daina tallafa mata. Ubuntu tana fitar da zubi mai dogon tallafi a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kuma lambarsa ce take nuna lokacin fitowarsa: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Ana yi masa faci kyauta na shekara 5. Windows Server da Red Hat sukan ba da shekara 10. Wa'adin Windows Server 2012 ya ƙare ranar 10 ga Oktoba, 2023. Ranar da wa'adi ya cika injin ba ya mutuwa, shafin zai ci gaba da buɗewa kamar kullum, wanda hakan ne ma ya sa ba a lura. Abin da ya canza shi ne duk ɓarakar da aka gano daga ranar za ta zauna a buɗe.

Labarin CentOS ya nuna cewa alkawarin wa'adi ma yakan sauya. CentOS kwafin Red Hat ce ta kyauta, kuma kamfanonin ajiye shafi sun daɗe suna dogara da ita. An sa ran CentOS 8 za ta sami tallafi har 2029, kwatsam a watan Disambar 2020 aka sanar cewa za a rufe ta a ƙarshen 2021. Waɗanda suka gama ƙaura zuwa gare ta dole suka sake ɗaure kaya. A 2021 aka fito da Rocky Linux da AlmaLinux domin cike gurbin, ita kuwa CentOS 7 tallafinta ya ƙare ranar 30 ga Yuni, 2024. Duk kamfanin da har yanzu yake tayin CentOS 7 ko 8 ga sabon mai haya, wannan kaɗai ya isa a nemi wani.

Abin da ke cikin rumbun makaranta ba ƙaramin abu ba ne: sunayen yara, ranakun haihuwa, lambobin wayar iyaye, da makin da ake ba da takardar shaida a kansa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan hukumar da ta tattara su, ko da kuwa wani ta ba ajiyarsu. Don haka ya kamata yarjejeniya da kamfani ko ɗan kwangila ta ambaci sunan babbar manhajar da lambar fitowarta, da ranar ƙarewar tallafinta, da wanda zai riƙa sa faci, da inda ake ajiye kwafin bayanai a wajen injin. Kalmomin sirri na shiga uwar garke kuma su kasance a hannun makaranta a rubuce, domin ɗan kwangila yakan tafi, malamin da ya san kan abin ma akan yi masa canjin wurin aiki.

7.0 Auna Fahimta

1. Wata makaranta tana son buɗe ajin intanet da Moodle, ma'aikacin kwamfutarta kuma Windows kaɗai ya sani. Wace shawara za ka ba kwamitinta game da babbar manhaja da irin hayar da za ta kama? Kawo dalilanka.

2. An kawo maka takardar sakamako daga shafin makaranta, ka ga an rubuta "?anjuma" a maimakon "Ɗanjuma". Bayyana inda matsalar take da yadda za a kauce mata.