Tattabaru a Ƙarƙashin Farantan Sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farantan sola suka yawaita a Kura da Bunkure, a bakin gonakin da ke shan ruwan madatsar Tiga da kuma saman kwanon gidaje da shaguna. Yankin da ake noman shinkafa rani da damina, a shanya ta, a cashe ta, ba ya rabuwa da tsuntsu. Ratar da mai haɗa sola ke bari tsakanin faranti da kwano kuwa ta zame wa tattabara da kurciya ɗaki: ga inuwa, ga tsari daga shaho, ga tsaba a ƙasa. Da gangan ake barin ratar domin iska ta ratsa, saboda ƙarfin faranti na raguwa da kusan kashi 4 cikin 100 duk sa'ad da zafinsa ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. Idan sheƙa ta cushe wurin a zafin Afrilu, wuta ta ragu, sannan ga busasshiyar ciyawa kwance a jikin wayoyi. Kashin tsuntsun ma ya fi illa. Ƙananan gidajen da ke jikin faranti a jere aka haɗa su, shi ya sa kashin da ya rufe guda ɗaya kan rage wutar layin gaba ɗaya, wurin ya riƙa ɗaukar zafi har ya lalace.

Maganin da ya fi shi ne a hana tsuntsu shiga tun ranar da aka kafa, ta hanyar zagaye gefen farantan da ragar waya irin ta kejin kaji, a maƙale ta ba tare da an huda ƙarfen gefen ba. Iska za ta wuce, tattabara ba za ta samu ƙofa ba. Wani zai ce mutum-mutumi ko leda mai ƙyalli ta fi araha. Duk wanda ya taɓa gadin shinkafa daga jan-baki ya san kwana kaɗan tsuntsu ke yi ya gane abin tsoron ba ya motsi, shi ya sa ake tura yara da gwangwani, kuma babu mai ɗora yaro a kan kwano yini guda. Guba kuwa ba abin tunani ba ce a gidan da kaji ke kiwo.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne raga ba ta hana sauka a saman faranti. Gaskiya ne, amma tsuntsun da ba ya kwana a wuri kashinsa kaɗan ne, wankin da ƙurar hunturu ta riga ta wajabta zai ɗauke shi, in an yi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi kafin gilashin ya yi zafi. Galibi ma tattabarun na gida ne. A kafa musu akurki nesa da farantan, a jira 'ya'yan da ke sheƙa su tashi, sannan a kwashe ta a ɗaura ragar.