Ruwan Tiga da Titin Kano: Ina Jirgin Sama Zai Fi Sauka Lafiya?

Mutumin Rano ko Kibiya da ya bi ta Rurum ya tsaya a bakin Tiga zai ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaza. Madatsar da gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974 tana rufe kimanin murabba'in kilomita 178 idan ta cika. Babban titin saukar jirage na filin Malam Aminu Kano kuwa tsawonsa mita 3,300 ne, kuma sai da aka narka dukiya kafin a shimfiɗa shi. Ba laifi ba ne in mutum ya tambaya: me zai hana jirgi ya sauka a nan, tunda ga fili Allah ya bayar, ba kwalta ba gyara?

Tambayar tana da tushe. A tsibiran Maldib da Alaska da gaɓar Bankuba ta Kanada, ƙananan jirage masu ƙafafu kamar kwale-kwale biyu suna jigilar mutane kullum. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma manyan jiragen kamfanin BOAC masu sauka a ruwa sun riƙa zuwa Legas. Kano kuwa tun farko da ƙasa ta saba, domin jirage uku na sojan saman Ingila da suka iso daga Masar a watan Nuwamba 1925 a filin sukuwa suka sauka.

A ganina faɗin fili ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne abin da matuƙi ya sani game da filin kafin ya iso.

Mai sauka a Kano yana da labari a hannu tun kafin ya tashi. Hukumar NiMet ta ba shi ƙarfin iska da inda ta fito, da nisan da ido zai iya gani. Hukumar NAMA ta sanar da shi in ana gyara ko wata fitila ta mutu. Lambar titin ma bayani ce: 06 da 24 na nufin ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, wato ta inda iskar hunturu take fitowa, domin jirgi yana son ya fuskanci iska yayin sauka. Ga hasumiya tana yi masa magana, ga motar kashe gobara a gefe. Titin da ya sauka a kai jiya, shi zai tarar yau.

Ruwa ba ya yi wa kowa wannan alkawari. A tashar bakin teku, matuƙi yana fama da cikar ruwa da janyewarsa sau biyu a yini, da jiragen ruwa masu shige da fice, da gishirin da ke cin ƙarfe. Amma waccan cika tana da jadawali da aka buga, an san ta tun shekara guda kafin ranar. Tiga ba ta da gishiri, wannan riba ce babba. Sai dai tata cikar ta shekara ce, kuma ba ta bin takarda. Tana batsewa a ƙarshen damina, sannan ta yi ta ja baya duk tsawon rani, ana sako ruwa ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, rana kuma tana shan nata rabo. Inda ya sha kan mutum a Oktoba yana iya zama tudu a Afrilu. Ƙasar Rano ƙasar duwatsu ce, kuma ruwan da ya rufe daji bai tafi da duwatsun da kututturan ba. Dutsen da ya rage taƙi ɗaya ya leƙo, daga sama ba a ganinsa.

Sannan ga masu ruwan. Masunci ya kafa taru tun asuba, wani ya jefa koma, wani yana kwance a kan gora, kansa kaɗai ke waje. Jirgin da ya taɓa ruwa ba shi da burki, kuma da ya rage gudu iska za ta juya hancinsa inda ta so. Duk bayanin da hasumiya ke bayarwa a Kano, a Tiga yana kan sarkin ruwa da mutanensa: sun san zurfi, sun san inda dutse ya ɓuya, sun san sa'ar da iska ke tashi da yamma. Ilimi ne na gaske, kuma ina ganin bai samu girman da ya kamace shi ba. Sai dai ba a rubuce yake ba, kuma babu rediyon da zai kai shi kunnen matuƙi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, ruwa kwance luf ya fi mai ɗan motsi haɗari. Idan ya zama kamar madubi, ido ba ya iya auna tazarar da ta rage, sai matuƙi ya zaci yana sama alhali ya iso. Shi ya sa ake koya musu su bar dogaro da ido, su riƙe jirgin yana sauka sannu a hankali bisa na'ura, su jira har ƙafafun su taɓa da kansu. To a haɗa wannan da hazon Disamba da Janairu, lokacin da sama da ruwa suke zama launi ɗaya, gaɓar tsallake ta ɓace. Jiragen nan masu sauka a ruwa da ido suke aiki, galibi da rana. A Kano akwai na'urar da ke jagorar jirgi har kusa da titi ko da hazo, kuma duk da haka akan soke tashi in buji ya yi kauri.

Ƙasa ma ba ta kuɓuta ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin alhazai da ya taso daga Jidda, wanda rashin kyan yanayi ya hana shi Legas, ya yi haɗari yayin sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Amma bayan irin wannan akwai titin da za a auna, da rahoton iska da za a duba, don a gyara gaba.

Don haka ni dai na ba ƙasa rinjaye a kudancin Kano. Mu ba mutanen tsibiri ba ne da ruwa ya tilasta wa wannan hanya. Majinyacin Kibiya hanyar mota mai kyau ta fi yi masa amfani. In har wata rana aka so gwada Tiga, don yawon buɗe ido ko binciken gonaki daga sama, to kafin a sayi jirgi sai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta zauna da masunta a zana taswirar zurfi ta damina da ta rani, a keɓe layi da alamu masu yawo a kan ruwa, a kuma yarda cewa watannin hazo ba na sauka ba ne. Taswirar za ta yi wa masu kwale-kwalen fito amfani ko jirgin bai zo ba.