Bayani Ga Masu Bincike Game da Amfani da Ƙirƙirarriyar Basira

Ana jawo hankalin malaman jami'o'i da na kwalejoji, da ɗalibai masu rubuta kundin digiri, da duk mai niyyar aika maƙala ga mujallun ilmi, bisa wata ƙa'ida da ta kafu tun shekarar 2023. Ƙa'idar ta shafi manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, watau waɗanda mutum zai rubuta musu tambaya su ba shi amsa a tsare, sai ka ce daga alƙalamin masani ta fito. Mafi shahara a cikinsu ita ce ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar ran 30 ga Nuwamba, 2022.

Ba a yi wata biyu da fitowarta ba sai aka fara ganin maƙalu ɗauke da sunanta cikin jerin marubuta. A watan Janairun 2023 mujallar Nature da ta Science suka ce ba su yarda da haka ba, kana a watan Fabrairu kwamitin COPE, mai lura da ɗa'ar wallafa, ya fito da matsayi iri ɗaya. Dalilin a fili yake. Marubuci shi ne wanda za a tuhuma in an sami ƙarya cikin aiki, shi zai amsa tambayar edita, shi zai sa hannu a takardar yarjejeniya, ya kuma bayyana ko yana da wata moriya a binciken. Na'ura ba ta iya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka duk abin da ta rubuta, alhakinsa yana wuyan wanda sunansa yake bisa maƙalar.

Lalle ne a fahimci yadda take aiki. An horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce, tana kuwa harhaɗa amsa ne ta hanyar kintatar kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa takan kawo sunan marubuci da littafi da shekara har da lambar shafi, alhali ba a taɓa buga littafin ba. Ko waɗanda suke leƙa intanet kafin su amsa ba su kuɓuta daga wannan ba. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000 don sun miƙa mata hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙaga. A Fabrairun 2024 kuma wata mujallar Frontiers ta janye maƙala 'yan kwanaki bayan fitowarta, saboda hoton ɓera da manhajar Midjourney ta zana ba bisa halittarsa ba, da kalmomin da babu su a kowane harshe. Abin lura a nan shi ne marubutan sun faɗi sunan manhajar. Faɗin bai fisshe su ba, tunda ba su tantance aikin ba.

Wanda ya yi amfani da irin wannan manhaja sai ya bayyana haka a sashen hanyoyin bincike ko a sashen godiya: sunanta, da samfurinta, da kamfanin da ya yi ta, da aikin da ta yi masa. In ya ɗauko maganarta kai tsaye, tsarin da ƙungiyar APA ta bayar a 2023 shi ne a sa sunan kamfanin a gurbin marubuci, sa'an nan shekara, da sunan manhajar, da adireshinta. Da yake mutum biyu kan yi mata tambaya ɗaya su sami amsa dabam-dabam, ya kyautu a haɗa tambayar da amsar duka a rataye. Gyaran nahawu da ƙa'idar rubutu kuwa, wasu mawallafa ba su neman a bayyana shi, don haka a karanta sharuɗɗan kowace mujalla kafin a aika mata.

Har ila yau, malamin da aka ba maƙalar wani don ya duba kada ya zuba ta cikin manhaja, domin aikin da ba a buga ba amana ce. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta haramta wa masu duba mata takardun neman tallafi yin haka tun Yunin 2023. A nan gida, inda ƙarin girman malamin jami'a ya dogara ga maƙalun da ya wallafa, ya kamata a sani cewa maƙalar da aka janye ba a share ta. Takan zauna a shafin mujallar da tambarin janyewa, da sunan marubucin da na jami'arsa.