Zari-ruga na 'yan wasa 13: Me ke jiran ƙungiyoyin Faransa a sabuwar kakar Super League?

A watan Fabrairun 2026 ne za a buɗe sabuwar kakar Super League, babbar gasar ƙwararru ta wasan zari-ruga na 'yan wasa 13 a nahiyar Turai. Bana ƙungiyoyi 14 ne za su fafata maimakon 12, kuma biyu daga cikinsu na kudancin Faransa ne: Catalans Dragons ta birnin Perpignan da Toulouse Olympique. Sauran 12 duk na arewacin Ingila ne.

Tun daga watan Nuwamba ƙungiyoyin suka koma atisaye, ana ta sayen 'yan wasa da shirya wasannin sada zumunci. Sai dai a wannan gasa, sunayen sababbin 'yan wasa ba sa isa a auna ƙarfin ƙungiya. Kuɗin da ke asusunta, da yawan 'yan wasan da za su iya maye gurbin wanda ya ji rauni, da nisan tafiyar da za ta riƙa yi, su ne kan raba gardama a ƙarshen kaka. A nan ne ƙungiyoyin Faransa ke da jan aiki fiye da kowa.

Wane irin zari-ruga ne wannan?

Zari-ruga iri biyu ne. Wanda aka fi sani a Afirka shi ne na 'yan wasa 15, wanda Afirka ta Kudu ta ci kofin duniyarsa sau huɗu. Na biyun shi ne wanda Faransawa ke kira rugby à XIII.

Rabuwar ta samo asali ne daga rikicin kuɗi. A 1895 ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka yi taro a garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar wasan, domin ta hana a biya 'yan wasa diyyar lokacin aikin da suke rasawa idan sun je wasa. Yawancin 'yan wasan nasu ma'aikatan masaƙu ne da masu haƙar kwal, waɗanda ba za su iya barin ladan yini guda ba. A 1906 aka rage yawan 'yan wasa zuwa 13 a kowane ɓangare.

Ana yin wasan ne minti 80. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama shida: duk lokacin da aka kama mai ƙwallon aka kayar da shi, dama ɗaya ta tafi. Idan aka yi kamu na shida ba ta ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ya dire ƙwallo a bayan layin abokan karawa ya samu maki huɗu, bugun da ke biyo baya maki biyu, bugun hukunci shi ma maki biyu. Wasa ne na karo da gudu ba tsayawa, shi ya sa rauni ke yawa, kuma ƙungiyar da ba ta da wadatattun 'yan benci kan sare tun tsakiyar kaka.

Me ya sauya bana?

Tun da aka daina tsarin hawa da faɗuwa kai tsaye, ana zaɓen ƙungiyoyin Super League ne ta hanyar awon maki da kamfanin IMG ya tsara. Makin duka 20 ne, kuma biyar kacal ke fitowa daga sakamakon wasanni. Sauran suna fitowa ne daga yawan magoya baya da masu kallo, da lafiyar asusu, da ingancin filin wasa, da alaƙar ƙungiya da al'ummarta.

Da wannan awo ne Bradford Bulls ta karɓe gurbin Salford Red Devils a watan Oktoban 2025. Salford ta shafe kakar tana fama da biyan albashi, manyan 'yan wasanta suka watse, daga bisani kotu ta rushe kamfanin da ke tafiyar da ita a watan Disamba saboda bashi. Gurabe biyun da aka ƙara kuwa wani kwamiti ne na musamman ya bayar da su, ya zaɓi Toulouse da York Knights.

Kowace ƙungiya za ta kara da 'yar uwarta sau biyu, gida da waje, sannan a ƙara wasa guda na ƙarshen mako na musamman, jimilla wasanni 27. Shidan farko ne ke shiga zagayen fitar da zakara, a kammala da wasan ƙarshe a filin Old Trafford na Manchester a watan Oktoba.

An kuma ƙara yawan 'yan wasan ƙetare da kowace ƙungiya za ta iya ɗauka daga bakwai zuwa goma. Iyakar albashin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya a shekara fam miliyan 2.1 ne, wato sama da sefa biliyan ɗaya da rabi, ko da yake akwai sassauci kan wasu taurari kaɗan. Akwai 'yan ƙwallon ƙafa a gasar Firimiya da ke karɓar fiye da hakan su kaɗai cikin 'yan watanni.

Catalans: gini daga tushe

Catalans Dragons ta shiga Super League a 2006, don haka bana take cika shekara 20 a gasar. Ita ce ƙungiya ta farko daga wajen Ingila da ta ɗauki kofin Challenge, lokacin da ta doke Warrington da ci 20 da 14 a Wembley a 2018. A 2019 ta ɗauki wasanta da Wigan zuwa filin Camp Nou na Barcelona, inda mutum 31,555 suka shiga kallo. Ta kai wasan ƙarshe na gasar sau biyu: St Helens ta doke ta 12 da 10 a 2021, Wigan kuma 10 da 2 a 2023.

Daga nan al'amura suka ja da baya. Ta ƙare a matsayi na bakwai a 2024, na tara a 2025. A watan Mayun 2025 ta rabu da kocinta Steve McNamara wanda ya jagorance ta tun 2017, mataimakinsa Joel Tomkins ya gaje shi. Manyan 'yan wasa da dama da shekaru suka fara kama su sun tafi, cikinsu har da Sam Tomkins, ƙanin kocin, wanda ya yi ritaya.

Sabon tsarin ya karkata ne ga matasa. An ɗauko Toby Sexton daga Canterbury ta Ostareliya da Lewis Dodd daga South Sydney, dukansu masu tsara wasa daga tsakiya. Dodd ya taɓa cin gasar da St Helens, amma bai samu wurin zama ba a Ostareliya, saboda haka yana da abin da zai nuna. Haɗarin a bayyane yake: masu tsara wasa biyu da ba su taɓa wasa tare ba, ƙarƙashin kocin da wannan ce cikakkiyar kakarsa ta farko. Idan suka fahimci juna da wuri, komawa cikin shidan farko abu ne mai yiwuwa, domin filin Gilbert Brutus wuri ne mai wahala ga baƙi, musamman a zafin Yuni da Yuli.

Toulouse: darasin 2022

Toulouse ta taɓa ɗanɗana Super League sau ɗaya. Ta hau a ƙarshen 2021, ta ci wasa biyar cikin 27 a 2022, ta ƙare a ƙasan teburi ta faɗo. A wancan karon ta rasa wasu muhimman 'yan wasa dab da fara kaka, kuma lokacin sayen madadinsu ya riga ya ƙure. Duk da haka ta doke St Helens mai riƙe da kambu a gida.

Bayan faɗuwarta ta kai wasan ƙarshe na rukuni na biyu sau uku a jere. Ta sha kashi a hannun London Broncos a 2023 da Wakefield a 2024, kafin ta doke York da ci 10 da 8 a 2025, a gidan York ɗin.

Babban jarin Toulouse shi ne ɗorewa. Kocinta Sylvain Houles yana kan aiki tun 2012, kuma yawancin 'yan wasan sun daɗe tare. Rauninta kuwa aljihu ne. Ita da York za su karɓi kason kuɗin gasar da bai kai na sauran ƙungiyoyi ba. Ga shi kuma tana zaune a birnin da zari-ruga na 15 ya mamaye, har ma filin Ernest-Wallon da take wasa a ciki gidan Stade Toulousain ne, ƙungiyar da ta fi kowace cin kofin Turai a wancan ɓangare. Jawo 'yan kallo da masu tallafi a irin wannan gari ba ƙaramin aiki ba ne, alhali su ne ke kawo maki a awon IMG. Idan Toulouse ta kauce wa ƙasan teburi ta kuma cika kujeru, kakar ta yi kyau.

Nauyin tafiya

Kowace daga cikin ƙungiyoyin Faransa biyu za ta hau jirgi zuwa Ingila aƙalla sau 12 a kakar. Ƙungiyar Ingila kuwa sau biyu kawai za ta tsallaka teku, sauran tafiye-tafiyenta na mota ne, galibi a kan babbar hanya guda da ta ratsa arewacin ƙasar daga Liverpool zuwa Hull. Bugu da ƙari, ƙungiyoyin Faransa ne ke ɗaukar nauyin kuɗin tafiyar baƙinsu.

Wasu shugabannin ƙungiyoyin Ingila sun daɗe suna ƙorafin cewa Faransawa ba sa kawo 'yan kallo idan sun zo baƙunci, kuma ba su kawo wata babbar yarjejeniyar talabijin ba. Masu goyon bayansu na amsawa da cewa gasar da ta tsaya a 'yan garuruwan arewacin Ingila ba za ta girma ba. Muhawarar za ta yi zafi bana, domin yarjejeniyar nuna wasanni da tashar Sky Sports za ta ƙare a ƙarshen 2026, kuma kuɗin sabuwar yarjejeniya ne zai nuna ko gasar za ta iya ciyar da ƙungiyoyi 14.

Ga Faransawa batun ya wuce kaka guda. Wasan ya shiga ƙasar a 1934 ya kuma bunƙasa da sauri, sai gwamnatin Vichy ta haramta shi a Disambar 1941 ta ƙwace kadarorinsa. Bayan yaƙi an dawo da shi, har Faransa ta shirya gasar kofin duniya ta farko a 1954, amma an hana shi amfani da sunan rugby har zuwa 1993. Wasan farko na Super League ma a Paris aka yi shi a 1996, sai dai ƙungiyar Paris Saint-Germain ta wancan lokaci kaka biyu kawai ta yi ta rushe.

Su wa ake sa ran za su ɗauki kofi?

Hull KR ce kowa zai sa wa ido. Ta shafe shekara 40 ba ta ci babban kofi ba, sai ga shi a 2025 ta haɗa uku ƙarƙashin koci Willie Peters: kofin Challenge, da garkuwar jagorar teburi, da kambun gasar bayan ta lallasa Wigan 24 da 6. Ita ce ƙungiya ta biyar da ta taɓa cin Super League, bayan St Helens da Wigan da Bradford da Leeds. Farkon kakarta zai yi nauyi: za ta karɓi baƙuncin Brisbane Broncos, zakarar Ostareliya, a wasan zakarun duniya, sannan ta tashi zuwa Las Vegas ta Amurka don karawa da Leeds, duk a watan Fabrairu.

Wigan ta koci Matt Peet, wadda ta share kofuna huɗu a 2024, ta riƙe ginshiƙanta irin su Bevan French da Jai Field, kuma makarantarta ta horar da matasa ba ta daina fitar da 'yan wasa ba. St Helens, wadda ta ci gasar sau huɗu a jere daga 2019 zuwa 2022, ta ɗauko Paul Rowley daga Salford a matsayin sabon koci. Leigh da ta zo ta uku a bara da Leeds da ta zo ta huɗu duk suna cikin lissafi. Warrington ta Sam Burgess kuwa, bayan ƙarewa ta takwas, tana cikin matsin lamba.

A ƙasan teburi, ana sa ran Bradford da York da Toulouse za su yi ta kokawa da juna. Bradford ta ci gasar sau huɗu a baya, ta faɗo a 2014, ta durƙushe a 2017 aka sake kafa ta. York kuwa wannan ne karonta na farko.

Ina Afirka a ciki?

Wasan yana da ƙananan rassa a yankinmu. Najeriya ta lashe gasar yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, ta sake lashewa a Accra a 2022, kuma Ghana da Kamaru sun halarci duka biyun. Tawagar matan Najeriya ta kai wasan ƙarshe na neman gurbin kofin duniya a Kanada a watan Oktoban 2025, inda Fiji ta yi nasara a kanta.

Gasar kofin duniyar za ta zo ne a watannin Oktoba da Nuwamban 2026, Ostareliya ce babbar mai masaukin baƙi, kuma Faransa ta samu gurbi bayan ta doke Jamaika. Yawancin 'yan wasan tawagar za su fito ne daga Perpignan da Toulouse. Yawan matasan Faransa da kociyoyin biyu za su yarda su saka a fili daga Fabrairu zuwa Satumba, maimakon baƙi daga Ostareliya, shi zai nuna irin tawagar da ƙasar za ta tura.