Yadda cunkoso ke rikiɗa farin ɗango

Manoman gero a Gidan Amumune da sauran ƙasar Mayahi sun san ɓarnar farin ɗango, irin wadda ta afka wa Nijar a 2004. Farar da ke zaman kaɗaici a hamadar Tamesna ita ce dai ke zama runduna. Idan ciyawa ta bushe suka cunkushe, gogayyar ƙafafun baya takan sauya halinsu cikin sa'o'i kaɗan, launi da siffa su biyo baya. Masanin ƙwari Boris Uvarov ne ya fara bayyana wannan rikiɗa a 1921, kan wata fara danginta. Wani zai ce ai ba gado ba ne, tunda ƙwayoyin halitta ba su canza ba. Amma ikon rikiɗar shi ake gada: farar da ke iya haɗuwa ta yi ƙaura ita ke tsira idan abinci ya ƙare, ta bar zuriya.