Me Ya Sa Shafin Kasuwancinka Ba Ya Kawo Ciniki?

Dillalin doya ko riɗi a Ashige, ƙaramar hukumar Lafiya, zai iya buɗe shafin intanet, amma ya ji shiru kamar an shuka dusa. Sau da yawa nauyin shafin ne matsalar. Binciken Google na 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya kan fice idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba.

Gwada naka a PageSpeed Insights, shafin da ke auna saurin buɗewar shafuka; kyauta ne. Idan hoton buhun riɗi ɗaya ya kai megabait 5, rage masa nauyi. Sannan ka buɗe shafin da wayarka ka gani ko farashi ya fito fili, ko maɓallin WhatsApp yana aiki. Mai saye daga Kano ba zai tsaya lalube datarsa na ƙonewa ba.