Ko Kun Sani? Harshen Windows Na Iya Ɓoye Adireshin Kwamfuta

Masu rubuta manhaja kan gano adireshin IP na kwamfuta ta hanyar sa manhajar ta buga umarnin ipconfig a Windows, sannan ta lalubo layin da ke ɗauke da "IPv4 Address". Dabarar na aiki, amma akwai tarko: Windows na amsawa ne da harshen da aka saita shi. A kwamfutar Jamusanci layin kan zama "IPv4-Adresse", sai manhaja ta dawo hannu rabbana. Gara a nemi siffar adireshin: lambobi huɗu da ɗigo ya raba, kowace daga 0 zuwa 255. Nan ma sai an lura, domin adireshin rauta yana fitowa da wannan siffar cikin amsar.